Kiɗan ƙarshen lokaci: taron tunawa da Olivier Messiaen a Görlitz da Zgorzelec

Tun daga shekara ta 2008 ya zama al'ada a ranar 15 ga watan Janairu makaɗa huɗu su hallara a harabar wani tsohon sansanin fursunonin yaƙi da ke kan iyakar Jamus da Poland, domin gabatar da kiɗan da wani fursuna Bafaranshe ya tsara a wurin a zamanin yaƙin duniya na biyu.

Görlitz shi ne birni na can ƙuryar gabacin Jamus, a jihar Saxony, kuma kogin Neisse ne ya raba shi da garin Zgorzelec na ƙasar Poland. Kafin shekara ta 1945 garuruwan biyu gari ɗaya ne. A gefen da ya koma hannun Poland bayan yaƙi ne sojojin Hitler suka kafa sansanin da suka kira Stalag VIII A a shekara ta 1939, kuma a nan ne a daren 15 ga watan Janairun 1941 aka fara jin kiɗan nan mai suna Quatuor pour la fin du temps, ma'ana kiɗan mutum huɗu domin ƙarshen lokaci. Wanda ya tsara shi, Olivier Messiaen, ya rasu a shekara ta 1992, to amma masana na ci gaba da lissafa wannan aiki nasa a cikin mafiya muhimmanci da aka samar a Turai a ƙarni na 20.

Mene ne kiɗan ɗaki?

Jamusawa na kiran wannan nau'i Kammermusik, Faransawa kuma musique de chambre, duk dai ma'anar ita ce kiɗan ɗaki. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da ake yin sa a ɗakunan fadojin sarakuna da gidajen masu hali, inda ba a da filin da zai ɗauki babbar ƙungiyar makaɗa. Mutum biyu ne ko uku ko huɗu, wani lokaci har zuwa tara, kowa da nasa kayan kiɗa da nasa kason, kuma galibi babu madugun da ke tsayawa a gabansu da sanda yana ba da umarni. Da ido da numfashi suke fahimtar juna. Tsarin da ya fi shahara shi ne na goge huɗu, wanda Joseph Haydn, ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu a 1809, ya kafa masa ginshiƙi.

Wani abin la'akari kuma shi ne, a al'adar Turawa kiɗa rubuta shi ake yi a takarda da wasu alamomi na musamman, waɗanda ke nuna kowane sauti da tsawonsa da ƙarfinsa. Mai tsarawa daban, masu kaɗawa daban, saɓanin yadda aka saba a ƙasar Hausa inda makaɗi shi ke ƙirƙira kuma shi ke gabatarwa da bakinsa. Wannan ne dalilin da ya sa idan mai tsara kiɗa ya mutu, hanyar karrama shi ita ce a ɗauko takardunsa a kaɗa abin da ya rubuta kamar yadda ya rubuta shi.

Messiaen kafin yaƙi

An haifi Olivier Messiaen ranar 10 ga watan Disamban 1908 a garin Avignon da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa malamin Ingilishi ne da ya fassara wasannin Shakespeare zuwa Faransanci, mahaifiyarsa Cécile Sauvage kuma marubuciyar waƙoƙi ce. Yana ɗan shekara 11 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta birnin Paris, kuma a shekara ta 1931 aka naɗa shi mai kaɗa ogan a majami'ar Sainte-Trinité, aikin da ya riƙe sama da shekaru 60 har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan ɗariƙar Katolika ne mai tsananin riƙo da addininsa, kuma mutum ne da kukan tsuntsaye ya ɗauke wa hankali tun yana matashi, har ta kai shi ga shiga daji da takarda da fensir yana rubuta kukan kowane tsuntsu da alamomin kiɗa.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939 an kira shi aikin soja, amma saboda raunin ganinsa ba a ba shi bindiga ba, sai aka sanya shi a cikin masu taimaka wa ma'aikatan jinya. A yankin Verdun ya haɗu da mutane biyu da suka shiga tarihinsa. Na farko shi ne Étienne Pasquier, ƙwararren mai kaɗa celo, wato babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, wanda ya riga ya yi suna tare da 'yan'uwansa biyu a ƙungiyar Trio Pasquier. Na biyun kuma Henri Akoka ne, Bayahude haifaffen Aljeriya, mai busa kilarinet, wata doguwar sarewa ta baƙin katako. Dukkansu uku sun faɗa hannun Jamusawa a 1940 lokacin da tsaron Faransa ya wargaje. A wani fili da aka tsare dubban fursunoni a kusa da Nancy ne Akoka ya fara gwada busa wani kiɗa da Messiaen ya rubuta masa, Pasquier na riƙe masa da takardar. Wannan kiɗan shi ne daga bisani ya zama babi na uku na aikin.

Bayan an kai su Görlitz sai suka tarar da na huɗunsu, Jean Le Boulaire, mai kaɗa biyolin, ƙaramin gogen da ake ɗorawa a kafaɗa. Haɗa fiyano da biyolin da celo da kilarinet abu ne da ba a cika yi ba a wancan zamani. Messiaen ya rubuta kiɗan ne gwargwadon makaɗan da Allah ya haɗa shi da su a sansanin.

Daren 15 ga watan Janairu

Fursunonin Faransa da Beljiyam na ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar Geneva ta 1929, kuma hukumomin sansanin sun ƙyale su da ɗakin karatu da ƙungiyar makaɗa da wani ɗakin kwana da aka mayar gidan wasan kwaikwayo, ko da yake yunwa da sanyi da aikin tilas ba su ƙyale kowa ba. Wani mai gadi Bajamushe mai suna Karl-Albert Brüll, lauya ne kafin yaƙi, shi ya riƙa samo wa Messiaen takarda da fensir, ya kuma keɓe masa wurin da zai zauna ya yi rubutu. Celon da Pasquier ya yi amfani da shi kuwa, fursunoni ne suka yi karo-karo aka raka shi cikin gari ya saya.

An yi taron ne a ɗakin wasan kwaikwayon, a tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Hafsoshin Jamus sun zauna a layin gaba, fursunoni a bayansu, har da majinyatan da aka ɗauko daga asibitin sansanin. Messiaen ya tashi ya yi wa jama'a bayanin abin da za su ji, sa'annan ya zauna a gaban wani tsohon fiyano da wasu maɓallansa ke maƙalewa idan an danna su. Daga baya ya sha faɗin cewar bai taɓa samun masu sauraro da suka ba shi hankalinsu kamar na wannan dare ba.

A nan ne kuma tarihi da ƙarin gishiri suka cakuɗe, kuma shi Messiaen ɗin ne tushen ƙarin gishirin. Shekara da shekaru yana ba da labarin cewar mutum dubu biyar ne suka saurari kiɗan, kuma celon Pasquier tsirkiya uku kacal gare shi maimakon huɗu. An yi ta maimaita wannan labari a littattafai da bayan faya-fayai, har sai da wata Ba'amurkiya mai busa kilarinet, Rebecca Rischin, ta bi diddigin maganar, ta zauna da Pasquier da Le Boulaire da iyalan Akoka, ta kuma wallafa sakamakon bincikenta a 2003. Ɗakin katako ne da bai wuce ya ɗauki mutum kimanin 400 ba. Pasquier kuma ya dage a kan cewar tsirkiyoyinsa huɗu cif suke, domin babu yadda za a yi a kaɗa abin da Messiaen ya rubuta da uku. Gyaran bai rage wa daren daraja ba, hasali ma ya fito da wani abu da labarin farko ya danne, wato rawar da sauran makaɗan uku da ɗaruruwan fursunonin da suka ba da 'yan kuɗinsu suka taka.

Abin da kiɗan ya ƙunsa

Babi takwas ne, kuma gabatar da su na ɗaukar kimanin minti 50. Messiaen ya ɗauko jigon ne daga sura ta 10 ta Wahayin Yahaya, littafi na ƙarshe a Baibul na Kirista. Yahayan da ake nufi a nan ba Annabi Yahaya ɗan Zakariyya ba ne, wani ne daga mabiya na farko. Surar na bayanin wani mala'ika mai bakan gizo a kansa, ƙafa ɗaya a teku ɗaya a tudu, yana shelar cewar lokaci ya ƙare. Dangane da adadin babobin kuma, Messiaen ya yi bayanin cewar bakwai na nuni ne da kwanakin halitta da ranar hutu kamar yadda Baibul ya kawo, na takwas kuma na nuni da dawwama.

Mutane da dama sun ɗauka cewar ƙarshen lokacin da ake nufi shi ne ƙarshen zaman fursuna. Messiaen ya musanta haka. Abin da ke ransa shi ne ranar da jiya da gobe za su gushe, sai kuma wata manufa ta biyu da ta shafi sana'arsa: kawar da bugun nan mai zuwa daidai wa daida, irin na faretin soja, wanda kiɗan Turai ya dogara a kansa tsawon ƙaruruwa. Ya bi hanyoyi da dama wajen cim ma haka. Ya yi nazarin ma'aunan kiɗa 120 da wani masanin ƙasar Indiya na ƙarni na 13 mai suna Sharngadeva ya tattara. Yakan ƙara ɗan guntun sauti a kan ma'auni domin ya karkace, ta yadda mai sauraro ba zai iya bin sa da taka ƙafa ba. Ya kuma ƙirƙiro ma'aunan da ko daga farko aka karanta su ko daga ƙarshe duk ɗaya ne, ba su da gaba ba su da baya.

Babi na farko ya isa misali. Mai fiyano na maimaita jerin sautuka 29 a kan wani ma'auni mai gaɓa 17. Da yake lambobin biyu ba sa rabuwa da juna, sai an yi bugu 493 kafin farkon jerin ya sake haɗuwa da farkon ma'aunin, kuma babin na ƙarewa tun kafin a kai ga haka. Mai sauraro na jin wani yanki ne kawai na abin da ya fara kafin zuwansa kuma zai ci gaba bayan tafiyarsa. A bisa wannan shimfiɗa kilarinet da biyolin ke kwaikwayon tsuntsaye biyu da ke kuka kafin fitowar alfijir.

Babi na uku na kilarinet ne shi kaɗai, kuma masu busa na ɗaukarsa a matsayin jarrabawa, saboda akwai wuraren da sauti zai taso daga shirun da kunne bai iya kamawa ya yi ta ƙaruwa a numfashi guda har ya cika ɗaki. A babi na shida, wanda ke kwatanta busa ƙahoni bakwai, dukkan makaɗan huɗu na bin layi ɗaya da gudu a kan ma'aunin da ba shi da tabbas, ta yadda kuskuren mutum ɗaya ba ya ɓoyuwa. Na biyar da na takwas kuwa yabo ne ga Yesu Almasihu bisa aƙidar Kirista, ɗaya da celo ɗaya da biyolin, kuma ana jan su ne a hankali matuƙa har hannun mai goge ya kusa gazawa. Waɗannan biyun ba a sansanin aka ƙirƙire su ba. Messiaen ya ɗauko su ne da ka daga ayyukansa na 1937 da 1930, ya sake musu tufafi.

Waɗanda ba su shiga ɗakin ba

Kimanin fursunoni dubu 120 ne suka ratsa ta Stalag VIII A tsakanin 1939 da 1945. 'Yan Poland ne na farko, sai Faransawa da 'yan Beljiyam, daga baya kuma aka kawo 'yan Birtaniya da Italiya da Amurka da wasunsu. Kimanin dubu 10 ne suka mutu a wurin, kuma akasarinsu sojojin Tarayyar Sobiyet ne, waɗanda aka fara kawowa bayan harin da Hitler ya kai wa ƙasarsu a watan Yunin 1941, lokacin da Messiaen ya riga ya koma gida. Su ba a ba su ɗakin karatu ko na wasa ba. 'Yan Nazi sun fake da cewar Mosko ba ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Geneva ba, suka keɓe su a bayan waya suka bar su da yunwa da cututtuka, aka riƙa zuba gawarwakinsu a manyan ramuka. A faɗin yankunan da Jamus ta mamaye, fursunonin Sobiyet kimanin miliyan uku ne suka halaka ta wannan hanya.

Su ma sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, waɗanda aka ɗebo daga yankunan mulkin mallakarta ciki har da Nijar, makomarsu daban ce. An yi wa wasunsu kisan gilla bayan sun miƙa wuya, kamar yadda ya faru a Chasselay kusa da Lyon a watan Yunin 1940, kuma saboda aƙidar wariyar launin fata 'yan Nazi sun gwammace tsare akasarin sauran a sansanoni cikin Faransa maimakon shigar da su Jamus. A cikinsu akwai Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko a 1960. Shi ma a tsare ya rubuta wani kaso na waƙoƙin da ya wallafa a 1948.

Wannan shi ne nauyin da ke kan taron na kowace shekara. Labarin mai gadi mai tausayi da hafsoshin da suka zauna suka yi tsit suna sauraro labari ne mai daɗin ji, musamman a Jamus, kuma yana da sauƙi ya rufe makabartar da ke 'yan taku kaɗan daga wurin. Masu shirya taron sun fahimci haka, shi ya sa ake haɗa kiɗan da zagayen harabar sansanin da ziyarar kaburbura da kuma tarurrukan matasa daga ƙasashen biyu.

Bayan sansani

Makonni kaɗan bayan wannan dare aka sako Messiaen da Pasquier, bisa takardun da Brüll ya taimaka aka samar. Akoka bai samu shiga wannan ayari ba saboda kasancewarsa Bayahude, amma a cikin shekarar ya yi tsalle daga jirgin ƙasa da kilarinet ɗinsa ya tsere, kuma bayan yaƙi ya yi aiki da ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Faransa. Le Boulaire ya ajiye goge baki ɗaya, ya zama ɗan wasan kwaikwayo da sunan Jean Lanier. Mutanen huɗu ba su sake kaɗa wannan kiɗa tare ba. Lokacin da aka gabatar da shi a Paris ranar 24 ga watan Yunin 1941, wasu ne suka riƙe biyolin da kilarinet.

A wannan shekarar ce aka ba Messiaen kujerar koyarwa a makarantar da ya yi karatu, kujerar da André Bloch, wani malami Bayahude, ya rasa a ƙarƙashin dokokin gwamnatin Vichy mai haɗin kai da 'yan Nazi. Masana tarihi na ambaton wannan batu a duk lokacin da ake maganar rayuwarsa a zamanin mamaya. A ajinsa ne manyan masu tsara kiɗan zamani suka yi karatu, irin su Pierre Boulez da Bajamushen nan Karlheinz Stockhausen da Iannis Xenakis, da kuma Yvonne Loriod, gwanar fiyano da ya aura a 1961. An kuma ruwaito cewar Brüll ya je Paris bayan yaƙi domin ya gan shi, amma aka sallame shi daga bakin ƙofa. Messiaen ya rasu ranar 27 ga watan Afrilun 1992.

Shi kuwa sansanin, bayan 1945 an kwashe katakan ɗakunansa, daji ya cinye wurin. Mazauna Zgorzelec sababbin zuwa ne da aka tsugunar bayan korar Jamusawa, mazauna Görlitz kuma iyaka ta raba su da wurin, saboda haka tsawon shekaru 'yan tsiraru ne kawai, musamman tsofaffin fursunoni da wasu malaman makaranta na Poland, suka riƙe tarihinsa. Al'amura sun fara canzawa bayan faɗuwar kwaminisanci. A 1998 garuruwan biyu suka ayyana kansu a matsayin birnin Turai guda, a 2004 kuma, shekarar da Poland ta shiga Ƙungiyar Tarayyar Turai, aka buɗe sabuwar gadar ƙafa a gurbin tsohuwar da aka rusa a ƙarshen yaƙi.

Wani mai shirya wasannin kwaikwayo Bajamushe, Albrecht Goetze, shi ne ya kafa ƙungiyar Meetingpoint Music Messiaen a Görlitz, wadda daga baya aka sake wa suna Meetingpoint Memory Messiaen. A shekara ta 2008, daidai da cikar shekaru 100 da haihuwar Messiaen, ƙungiyar ta kafa tanti a filin sansanin aka gabatar da kiɗan a cikin sanyin Janairu, kuma haka aka ci gaba da yi a tanti har tsawon wasu shekaru. Shahararriyar ƙungiyar makaɗan nan ta Staatskapelle da ke Dresden ta ɗauki nauyin mara wa shirin baya. Ranar 15 ga watan Janairun 2015 aka buɗe cibiyar Turai ta tunawa da ilimi da al'adu a harabar, wadda aka gina da tallafin Tarayyar Turai, mai ɗauke da zauren kiɗa da baje kolin tarihin fursunonin. Goetze ya rasu a cikin wannan shekarar, 'yan watanni bayan buɗe ginin.